Waiwaye: Yadda unguwa ɗaya a Cape Town ta zama zangon masu neman jinsi

Duk lokacin da watan Fabrairu ya kama, masu neman jinsi suka fara shirin bikinsu na shekara a Cape Town da ke Afirka ta Kudu, sai tsohuwar gardama ta taso: bikin nan na wa ne? Ana tallata birnin ga baƙi daga Turai da Amurka a matsayin inda ɗan luwaɗi ko 'yar maɗigo za su sake a nahiyar Afirka. Otal-otal, mashaya, gidajen rawa, wuraren tausa da wankan tururi, yawancinsu a unguwannin De Waterkant da Green Point suke. Mazauna Khayelitsha da Gugulethu, unguwannin talakawa baƙar fata a bayan gari, kuwa cewa suke yi a hoto kawai suke ganin wannan 'yanci.

Abin da kowa ya sani ba shi da tsawo. An yi tattakin masu neman jinsi na farko a Johannesburg a 1990. Kundin tsarin mulkin 1996 ya hana nuna bambanci kan wannan ɗabi'a, kotu ta soke laifin luwaɗi a 1998, auren jinsi ya halatta a 2006.

Amma ni a ganina tushen gardamar yana can baya, ranar 11 ga Fabrairu 1966, da aka ayyana District Six a matsayin unguwar farar fata zalla, a ƙarƙashin dokar raba unguwanni bisa launin fata. Unguwa ce ta talakawa a gindin tsauni, kusa da tashar jiragen ruwa, inda masallaci da coci suke layi ɗaya. A cikinta akwai maza masu shigar mata, da yawansu masu gyaran gashi, waɗanda Bahaushe zai fi gane su in aka ce masa kamar 'yan daudu. Ba a ɓoye suke ba. Maƙwabta sun san su, mata na zuwa shagunansu, ana gayyatarsu biki. Kewpie, wadda ta fi shahara a cikinsu kuma ta rasu a 2012, ta bar ɗaruruwan hotuna, har da waɗanda ta ɗauka cikin kwalliya a kan ɓaraguzan gidajen maƙwabtanta.

Mutum sama da 60,000 aka kwashe, aka watsa su a filayen Cape Flats, irin su Manenberg da Hanover Park. Wanda unguwa ta sani tun yana yaro, take yi masa kara, ya wayi gari cikin baƙin ido. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, De Waterkant ma an tashi mazaunanta na asali, da yawansu Musulmi, da wannan doka. Gidajen suka koma hannun masu kuɗi, aka gyara su, aka shafe su da fenti mai kyau. Da mulkin wariyar launin fata ya ƙare a 1994, a can aka buɗe mashaya da masaukin baƙi, domin can ne mai jari yake.

Daga Khayelitsha zuwa tsakiyar gari tafiyar kusan kilomita 30 ce. Ga kuɗin mota, ga kuɗin ƙofa, ga fargabar komawa gida da tsakar dare, a unguwannin da aka sha kashe 'yan maɗigo. Shi ya sa wasu suka ware suka kafa nasu tattakin, Khumbulani, suna yin sa a cikin unguwanninsu, da rana tsaka.