Tuƙin tsimin mai

Tuƙin tsimin mai shi ne sarrafa mota ta yadda za ta yi tafiya mai nisa da mai kaɗan, hayaƙinta kuma ya ragu. Kowace litar fetur da inji ya ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama duniya, litar dizal kuwa kusan kilo 2.7. Saboda haka man da direba ya rage, hayaƙi ne ya ɗauke wa unguwa. A Kumasi ta ƙasar Gana, inda akasarin direbobin trotro (ƙananan bas na haya) da tasi ke sayen mai daga cinikin ranarsu kafin su kai wa mai mota kuɗinsa, batun ya shafi tukunyar gida kai tsaye.

Mafi yawan ɓarnar daga ƙafar direba take. Mota ta fi shan mai lokacin tashi daga tsaye, kuma duk birkin da aka taka da ƙarfi, man da aka riga aka ƙona ne ya tafi a banza. Wanda ya saba da hanyar unguwar Aboabo zuwa tashar Kejetia a Kumasi da safe ya san salon: a danna totur don riga wani ɗaukar fasinja, a ci birki bayan taku kaɗan, a sake dannawa. Direban da ke hango gaba, ya bar tazara tsakaninsa da motar gabansa, ya ɗage ƙafa tun daga nesa, ya kuma sauya giya da wuri, kusan tare suke isa tasha, amma tankinsa ya fi auki.

A babbar hanya kuwa, irin ta Kumasi zuwa Akra mai tsawon kusan kilomita 250, iska ce abokiyar gaba. Idan gudu ya ninka biyu, turjiyar iska tana ninkawa huɗu. Lodin da aka ɗaure a saman mota yana ƙara wannan turjiya.

Akwai al'adu biyu da suka samo asali tun zamanin motocin kafireto, waɗanda ya kamata a bari. Ta farko ita ce barin inji yana aiki da asuba wai don ya ɗumama. Injin zamani a kan tafiya yake ɗumama. Ta biyu ta fi haɗari: cire giya a gangara. A motar da kwamfuta ke raba wa mai, idan aka ɗage ƙafa daga totur alhali tana cikin giya, man yakan yanke gaba ɗaya. Wanda ya cire giya bai tsimi komai ba, sai dai ya ɗora wa birki nauyin motar duka, da rayukan fasinja a ciki.

Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana jan mai, ga saurin cinyewa. Filogin da ya mutu da baƙin man da ya daɗe su ma haka, kuma duka gyara ne da makanikan Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, ke yi kullum. Cire tukunyar tace hayaƙi daga salansa don sayarwa kuwa, gubar takan koma kan masu talla a bakin titi.

Ingancin man kansa ya canza a Gana. An daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2004, sannan a 2017 aka rage sinadarin kibiritu da aka yarda da shi a man da ake shigowa da shi daga kashi 3,000 cikin miliyan zuwa 50.