Jijiyar Fuska

Jijiyar fuska ita ce ta 7 cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa kai-tsaye daga ƙwaƙwalwa. Biyu ne, dama da hagu, kowace da ɓarin fuskar da take kula da shi.

Tana tasowa ne daga tushen ƙwaƙwalwa, ta shiga ƙashin kunne tare da jijiyar ji, ta bi wani matsattsen lungu mai lanƙwasa. Tun tana ciki take sakin rassa: ɗaya ya nufi mafitar hawaye, ɗaya ya je ga wata 'yar tsoka da ke rage ƙarfin ƙara a kunne, na uku ya kwaso ɗanɗano daga kashi biyu cikin uku na gaban harshe, ya kuma sa miyau ya zubo. Daga nan sai ta fito ta ƙarƙashin kunne, ta ratsa kaluluwar miyau da ke kumbura idan an yi hangum, ta rabu biyar zuwa goshi, gefen ido, kumatu, haɓa da wuya. Murmushi, ɗaure fuska, ƙifta ido, duk aikinta ne. Taunawa da jin taɓi a fatar fuska kuwa na jijiya ta 5 ne.

Idan jijiyar fuska ta taɓu, ɓarin fuska ya saki. Baki ya karkace zuwa ɓangaren da ke lafiya, ruwa ya riƙa dalala ta gefen leɓe, fito ya gagara. Ido ya ƙi rufuwa ko a barci, kuma nan ne haɗarin yake, don idan ya bushe yana iya yin gyambo. In a cikin ƙashi abin ya faru, ɗanɗano kan ragu, ƙarar cokali a kan faranti ma ta dami kunne.

Nau'in shanyewar fuska da ya fi yawa shi ne shanyewar Bell, mai ɗauke da sunan Charles Bell, likitan Sikotland da ya bayyana aikin jijiyar a 1821. Jijiyar ce ke kumbura inda ba ta da wurin sakewa. Yawancin masu ita kan warke cikin makonni ko watanni, musamman in an fara maganin sitiroyid, mai rage kumburi, cikin awa 72 da fara ciwon. Ciwon kunne, fashewar ƙoƙon kai, ƙari, kuturta da farfaɗowar ƙwayar ƙarambau su ma suna jawo shanyewar.

Likita kan ce wa maras lafiya ya ɗaga gira. In goshi ya tattare duk da bakin ya karkace, ana zargin shanyewar ɓarin jiki, domin goshi na karɓar umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu. Wannan sai asibiti nan take.

Wajen warkewa, zaruruwan jijiyar kan ɓata hanya, har mutum ya riƙa hawaye yana cin abinci.