Cleveland: birnin ƙarfe a bakin tafkin Erie

Ina Cleveland yake, kuma yaya aka yi ya zama gari?

Yana jihar Ohio ta Amurka, a gaɓar kudu ta tafkin Erie, daidai inda kogin Cuyahoga ke zubawa cikin tafkin. A 1796 wani mai awon filaye, Moses Cleaveland, ya shata wurin, garin kuma ya ɗauki sunansa. Sai dai ya daɗe yana ƙauye, har 1832 da aka kammala haƙa hanyar ruwa wadda ta haɗa tafkin da kogin Ohio. Daga nan jirage suka fara sauke kaya, kasuwa ta buɗe.

Me ya jawo masana'antu suka taru a can?

Ruwa ne. Ana loda tamar ƙarfe daga yankin tafkin Superior a kawo ta cikin jirgi, gawayin kwal kuma na zuwa daga Pennsylvania da cikin Ohio, su haɗu a bakin Cuyahoga a narka su. A nan ne kuma John D. Rockefeller ya kafa kamfanin mai na Standard Oil a 1870. Baƙi daga Turai, da baƙaƙen fata daga kudancin ƙasar, suka yi ta kwararowa neman aiki. A 1920 Cleveland ne birni na biyar a girma a Amurka, a 1950 mutanensa sun haura dubu 900.

Da gaske ne kogi ya taɓa kama wuta?

Da gaske ne, kuma ba sau ɗaya ba. Shekaru da dama ana zuba wa kogin mai da dattin masana'antu, har ya kai tartsatsi kaɗan ya ishe shi. Gobarar watan Yunin 1969 ba ita ce mafi muni ba, amma ita ta tsaya wa Amurkawa a rai. Magajin garin lokacin, Carl Stokes, baƙar fata na farko da aka zaɓa ya jagoranci babban birni a Amurka, ya tsaya kai da fata a kan a gyara. Wannan na cikin abubuwan da suka share fagen dokar tsabtace ruwa ta 1972. Yau kifi ya dawo kogin, kuma a ganina wannan shi ne babban abin alfaharin garin.

To me ya durƙusar da shi?

Masana'antu suka rufe ko suka ƙaura, masu hali suka koma unguwannin bayan gari da harajinsu. A 1978 gwamnatin birnin ta kasa biyan bashi. Ƙidayar 2020 ta sami kusan mutum dubu 372.

Da me ake ci yanzu?

Har yanzu ana narka ƙarfe, amma aikin lafiya ya fi ɗaukar ma'aikata. Asibitin Cleveland Clinic, wanda aka kafa a 1921, ya yi suna a aikin zuciya, daga ƙasashe masu nisa ake zuwa.

Baƙo fa, ina zai leƙa?

Ya fara da kasuwar West Side, mai ginin 1912, inda har yau ake sayar da abincin zuriyar baƙin da suka gina garin. Gidan adana kayan fasaha na birnin kyauta ake shiga. A bakin tafki akwai gidan tarihin kiɗan rock da aka buɗe a 1995. Idan da hunturu zai zo, ya riƙo tufafi masu kauri, domin iskar tafkin kan kawo dusar ƙanƙara mai yawa.