Kifin Jan Ido a Ƙaramin Akwatin Kifi Mai Tsirrai

Kifin jan ido, wato mai jawo idon mai kallo, shi ne kifi guda ɗaya, ko namiji da mace, da ake sakawa a akwatin gilashi na kifin ado domin ya zama abin da mai kallo zai fara gani. Sauran mazauna akwatin galibi ƙananan kifaye ne masu yawo a garke, irin su tetra da rasbora, sai masu kiwo a ƙasa irin su koridoras. Ƙaramin akwati a wannan sana'a shi ne mai cin lita 40 zuwa 80, kuma a irin wannan ƙuncin wuri halin kifi ya fi launinsa muhimmanci, domin wanda aka kora ba shi da wurin gudu.

Abin da ake dubawa

Girman da kifi zai kai in ya manyanta ake dubawa, ba girmansa a shago ba. Kifin enjel, wato Pterophyllum scalare, ana sayar da shi ɗan mitsitsi, amma yana kai kusan santimita 15 a tsawo, ya fi haka daga sama zuwa ƙasa, kuma duk ƙaramin tetran da ya dace da bakinsa abincinsa ne. Ba na ƙaramin akwati ba ne. Sai ɗumin ruwa, wanda dole ya yi wa kowa daidai, da kuma inda kifin yake zama: sama, tsakiya ko ƙasa.

Dangin gurami

Guramin zuma, Trichogaster chuna, ɗan asalin Indiya da Bangaladash ne, kuma Francis Hamilton ne ya bayyana shi a kimiyyance a 1822. Tsawonsa bai cika wuce santimita 5 ba. Yana zama lafiya a ruwa mai ɗumin digiri 22 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas. Kamar tarwaɗa, yana da wata gaɓa a cikin kai da yake shaƙar iska da ita, shi ya sa ake ganinsa yana haurowa saman ruwa lokaci zuwa lokaci. Fukafukansa biyu na ciki sun zama kamar zare, yana miƙa su gaba yana taɓa ganye da sauran kifaye, kamar makaho da sandarsa. In lokacin haihuwa ya zo, namijin yakan rikiɗe ya yi launin zuma mai duhu, maƙogwaronsa ya yi baƙi-baƙi, ya tara sheƙar kumfa a ƙarƙashin tsirrai masu yawo a sama, irin su kainuwa. Ba ya son ruwa mai gudu da ƙarfi, domin yana wargaza masa sheƙa. Cikin duk kifayen da ake ambata a wannan fage, shi ne mafi ƙarancin fitina, sai dai yana da kunya, kuma a akwatin da babu ganye zai wuni a ɓoye bayan matatar ruwa.

Ɗan'uwansa Trichogaster lalius ya fi shi girma da kyan zane na ja da shuɗi, amma mazansa na faɗa da juna. Ga kuma wata cutar bairos da ta yaɗu cikin waɗanda ake kiwo a gonakin kasuwanci, wadda ba ta da magani.

Beta

Kifin beta, wato Betta splendens, na ƙasar Tailan ne. Maza biyu ba sa zama wuri ɗaya, kuma ba a haɗa shi da gurami. Wani betan zai shekara da rasbora ba a ji kansu ba, wani kuwa cikin kwana guda zai ƙarar da ƙananan jatan landen da ke akwatin. Mai dogayen fukafukai kuma shi ne abin tsokana ga kifaye masu cizo. Mai hankali yakan tanadi wani akwati ko da za a raba su.

Dangin karfasa

Ƙananan 'yan'uwan karfasa a ƙasan akwati suke zama. Kifin ram, Mikrogeophagus ramirezi, daga yankin kogin Orinoko na Benezuwela da Kolombiya yake. Yana da kyau ƙwarai, amma yana son ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30, wanda ya yi wa tetra da koridoras da yawa zafi, kuma ba ya jure dattin ruwa ko kaɗan. Ba a fara koyon kiwo da shi.

Kiribensis, Pelvicachromis pulcher, na kudancin Najeriya ne da gaɓar tekun Kamaru, kuma George Boulenger ya bayyana shi a 1901. Sunan da aka fi saninsa da shi a kasuwa daga garin Kiribi na Kamaru ya samo asali. Ya fi ram juriya nesa ba kusa ba. A kogo yake ƙwai, don haka ake kifa masa ɓarin ɓawon kwakwa ko 'yar tukunyar ƙasa mai ƙofa. Cikin macen yakan yi ja jawur in ta shirya, sannan uwa da uba su riƙa kora 'ya'yan a gaba kamar makiyayi da tumaki. A wannan lokaci duk wanda ya kusanto zai sha cizo, musamman koridoras da ba ya gane iyaka. Akwatin da bai kai lita 80 ba ya yi musu kaɗan.

Saka shi a akwati

Ana bari sai tsirrai sun kama, ƙwayoyin halitta masu narkar da dattin kifi sun zauna a matata, abin da kan ɗauki makonni 4 zuwa 6. Ƙananan kifayen ake fara sakawa, kifin jan ido ya zo daga ƙarshe, don kada ya riga kowa mallake wurin. Kafin nan ana keɓe shi a wani akwati na makonni 2 zuwa 4 a ga ko yana ɗauke da cuta. Tsirrai masu faɗin ganye irin su anubiyas, wanda asalinsa na yammaci da tsakiyar Afirka ne, suna tare gani tsakanin kifaye, ta yadda wanda aka kora yana kewaya ganye ɗaya mai korar zai daina ganinsa.