Kayan wasan zomaye na gida

Kayan wasan zomaye abubuwa ne da mai kiwo yake haɗawa da hannunsa daga kwali, busasshiyar ciyawa ko reshen itace, domin zomo ya samu abin gaigaya, wurin tono da maɓoya. An fi sanin wannan al'ada a Turai da Amurka, inda ake ajiye zomo a cikin ɗaki don sha'awa. Ƙungiyar House Rabbit Society, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1988, tana cikin waɗanda suka yaɗa ta. A Ingila kuwa, dokar kula da dabbobi ta 2006 ta wajabta wa mai dabba ya ba ta damar yin halinta na asali.

Tushen abin daga halittar zomo yake. Zomon gida jikan zomon dajin Turai ne, wanda asalinsa yankin Sifen da Fotugal, yake kuma zama a ramukan da ya haƙa da kansa. Haƙoransa 28 ne, kuma ba su daina tsiro har ya mutu. Na gaba kan ƙaru da kimanin milimita 2 a mako. Cin ciyawa mai tauri shi ke goge su. Idan ya rasa abin tauna, haƙoran kan yi tsawo su karkace har cin abinci ya gagare shi, ko kuma ya koma kan ƙafar kujera da wayar lantarki. Zomon da aka bari a keji ba abin yi yakan yi ta cizon wayar kejin, wani ma ya riƙa tuge gashin jikinsa.

Mafi sauƙin haɗawa shi ne kwalin da ake naɗe takardar bayan gida a jikinsa. Ana cusa masa ciyawa dam, a ɓoye ɗan ganye mai ƙamshi a tsakiya, a lanƙwasa bakinsa biyu. Zomo zai ɗauka da haƙori ya wurga, ya bi shi ya mirgina, ya yage har ya kai ga abin da ke ciki. Babban kwali kuma yana zama ɗaki, amma sai an huda masa ƙofa biyu. Zomo abin farauta ne, ba ya sakin jiki a wurin da mafitarsa ɗaya ce, kuma sau da yawa wannan ne dalilin da yake ƙin shiga akwatin da aka wahala wajen yi masa. Don tono, ana zuba ƙasa mai tsabta ko yagaggiyar takarda a faffaɗan mazubi. Akwai kuma masu rataya reshen tuffa ko na wilo, wata itaciya da ke fitowa a bakin ruwa, domin ya gaigaya.

Abin wasan da ya amsa sunansa shi ne wanda zomo ya lalata, don haka ba a kashe masa kuɗi. Ana canza su lokaci-lokaci saboda zomo yana gundura, kuma an fi ganin amfaninsu da asuba da magariba, lokacin da ya fi kuzari.

Haɗarin yana cikin abin da zai haɗiye, domin zomo ba ya iya amai. Leda, roba mai laushi, zare da tsumma na iya toshe masa hanji, toshewar kuwa tana kisa. Ana cire salatif da ƙarfen maƙala daga jikin kwali kafin a ba shi, ana kuma guje wa katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara. Reshen itatuwa irin su ceri da fiya, wato avocado, ba a ba shi. Kwali kansa yagewa ake so ya yi. Idan aka ga yana cinye shi da yawa, sai a janye.

A ƙasar Hausa galibi nama ake nema a kiwon zomo, amma buƙatar haƙoransa ba ta canza ba. Harawar gyaɗa da aka cusa a kwali tana yin aikin da ciyawa ke yi a Turai, a ajiye ta a inuwa, tunda zomo ba ya jure zafi.