Wai mene ne "joik" ɗin nan na mutanen Sami a Norwe?

Duk mai yara a gida da wuya a ce bai taɓa jin buɗewar katun ɗin nan na Disney mai suna Frozen ba, wanda ya fito a 2013, inda muryoyin mata suke ta maimaita wasu sautuka marasa kalmomi kafin a fara labari. To wannan abin ba ƙirƙirar mutanen Amurka ba ce. Wani mawaƙi ɗan Norwe mai suna Frode Fjellheim ne ya tsara shi, ƙungiyar mawaƙa mata ta Cantus da ke birnin Trondheim ta rera, kuma daga wani salon rera murya na gargajiya ya ɗauko shi da ake kira joik. Ana rubuta shi da j amma "yoik" ake faɗa, don a can haka suke karanta harafin.

Joik na mutanen Sami ne. Su ne 'yan asalin can ƙuryar arewacin Turai, ƙasarsu ta ratsa Norwe da Suwidin da Finlan da wani yanki na Rasha, su kuma suna kiranta Sápmi, amma mafi yawansu a Norwe suke. An fi saninsu da kiwon wata dabba mai kama da barewa mai manyan ƙahoni masu rassa wadda ke jure ƙanƙara, duk da cewa da yawa daga cikinsu masunta ne a bakin teku tun asali, yanzu kuma akwai su a kowace irin sana'a har cikin Oslo. A tsofaffin littattafai za ka ga ana ce musu Lapp, kar ka ɗauko wannan sunan, zagi suke ɗaukarsa. Harshensu ma ba ɗaya ba ne, shi ya sa sunan abin yake canzawa, na arewa suna cewa luohti, na yankin Lule vuolle, na kudu vuelie. Joik dai shi ne sunan da ya bazu a duniya.

Idan ka ji na asali, wanda ba a sa masa gita da ganga da kwamfuta ba, mutum ɗaya ne kawai da muryarsa. Muryar a matse take fitowa daga maƙogwaro, sautukan kaɗan ne, yakan yi tsalle daga ƙasa zuwa sama ba tare da ya bi matakala ba, kalmomi kuwa ko dai babu sam ko kuma 'yan ƙalilan, sunan mutum ko sunan wuri da wata 'yar magana, sauran duk lo-lo da la-la da nun-nu ne. Ba shi da baiti da amshi, ba shi da inda ya fara da inda ya ƙare, zagayawa yake yi kawai, mai yi ya ja numfashi a duk inda numfashin ya ƙare masa ko da a tsakiyar jimlar sautin ne, ya ci gaba, sannan sau da yawa muryar tana hawa sama kaɗan-kaɗan yayin da yake zurfafawa, in ya gaji ko wani abu ya ɗauke masa hankali sai ya tsaya cak. Wanda bai saba ba zai ce ai wannan bai ƙarasa waƙar ba.

Amma duk wannan siffa ce ta waje. Abin da ya sa joik ya zama joik shi ne su Sami ba sa cewa sun yi joik a kan wane, cewa suke sun yi joik ɗin wane, wato mutumin kansa ake rerawa. Sautin shi ne hotonsa. In mutum mai saurin tafiya ne mai zafin nama sautin zai fito da gudu da tsalle, in dattijo ne mai nauyi mai natsuwa haka sautin zai zo a hankali da faɗi, kuma mutanen garinsu in sun ji ko ba a ambaci suna ba sun san wa ake nufi. Mu Hausawa wannan ba zai mana wuyar ganewa ba saboda muna da take. Makaɗi ya buga taken sarki ko taken wani ɗan dambe da kalangu, ba a furta kalma ɗaya ba amma kowa ya san wanda aka kira, shi ma mai taken jikinsa ya ba shi. Sai dai akwai bambanci babba. Take namu yawanci na masu sarauta ne da masu sana'a da jarumai, makaɗi ne yake yi kuma akwai kyauta a ciki, shi kuwa joik kowa yana iya samu, ba sai kana da muƙami ba, ba kuma lallai yabo ba ne, yana iya zama tsokana ko habaici, sannan ba a barin wa wani gida na makaɗa shi kaɗai, uwa tana yi, makiyayi yana yi, saurayi yana yi wa budurwa. Kuma ba mutane kaɗai ba, dutse yana da joik ɗinsa, kogi yana da nasa, kerkeci da tsuntsu da dabbar kiwonsu duk suna da nasu.

Akwai ƙa'idoji da ba a rubuta ba. Ba ka yin joik ɗinka da bakinka, wannan yabon kai ne, abin kunya, sai dai wasu su yi ka. Yaro ƙarami ana yi masa ɗan gajere mai sauƙi da suke kira dovdna, in ya girma halinsa ya bayyana sai a yi masa na manya. In mutum ya rasu kuma joik ɗinsa bai mutu ba, 'yan uwa sukan rera shi in kewa ta taso, a ganinsu muddin ana yin joik ɗinka kana nan cikin jama'a. Sannan wanda ya fi ba ni mamaki, joik ba mallakin wanda ya ƙirƙira shi ba ne, mallakin wanda aka yi wa ne.

To yanzu tarihi, wanda a gaskiya ba daɗi. Kafin Kiristanci ya shiga yankin, Sami suna da addininsu na gargajiya, suna da boka da suke kira noaidi, yana da wata ganga mai zane-zane a fatarta, yana kaɗa ta yana joik har hankalinsa ya gushe. Da 'yan mishan suka zo, lokacin Norwe tana ƙarƙashin sarkin Danmak, sai suka haɗa ganga da joik da tsafi duk suka ɗaure a ƙulli ɗaya. A 1692 a garin Vadsø aka gurfanar da wani tsoho mai suna Anders Paulsen a kan zargin maita saboda gangarsa, kafin ma a yanke masa hukunci wani ya sare shi da gatari yana tsare, gangar kuma aka aika Kofanhagan, sai a 2022 Danmak ta mayar wa Sami mallakarta, yanzu tana gidan tarihi a Karasjok, wani garin Sami a arewacin Norwe. Daga 1716 wani ɗan mishan Thomas von Westen ya dinga yawo yana karɓe ganguna, da yawansu ma gobarar Kofanhagan ta 1728 ce ta cinye su. Ganga dai ana iya ƙwace ta a sa a akwati, murya kuwa sai dai mai ita ya yi shiru da kansa.

Kuma hakan aka yi ta neman a sa su yi. Daga wajen 1850 gwamnatin Norwe ta shiga wata manufa da suke kira fornorsking, wato mayar da kowa ɗan Norwe zalla, aka shafe sama da shekara 100 ana yi, a ɗauki yara a kai makarantun kwana a hana su harshen iyayensu, har yaro ya tashi yana jin kunyar abin da kakarsa take rerawa. Amma a nan ne labarin yake da sarƙaƙiya, don ba baƙi kaɗai suka yaƙi joik ba. A shekarun 1840 wani fasto a arewacin Suwidin, Lars Levi Laestadius, wanda shi kansa yana da jinin Sami, ya tayar da wani wa'azi mai zafi da ya karɓu sosai a wajen Sami saboda yana yi da harshen da suke ji kuma yana yaƙi da giya da take ta lalata musu gidaje. Mabiyansa suka ɗauki joik a matsayin zunubi, abin mashaya, don a lokacin mutane da yawa sai sun sha suke samun ƙarfin halin yi a fili. Shi ya sa a shekarun 1950 aka haramta joik a makarantun Kautokeino, garin da kusan kowa Sami ne kuma yana cikin wuraren da joik ya fi ƙarfi. Har a shekarun nan ana ta muhawara a can kan ko ya halatta a yi joik a cikin coci, kuma masu cewa a'a ɗin Sami ne masu riƙo da addininsu. Ni ina ganin duk mai ba da labarin nan ya tsallake wannan ɓangaren don ya mayar da shi faɗan azzalumi da wanda aka zalunta kawai, to rabin labari ya bayar.

Abin da ya juya lamarin rigimar madatsar ruwa ce. Gwamnati ta ce za ta datse kogin Alta don samar da lantarki, tsarin farko ma har ƙauyen Sami na Máze zai nutse. A Oktoban 1979 wasu matasan Sami suka kafa tanti a gaban majalisar dokoki a Oslo suka shiga yajin cin abinci, suna joik a tsakiyar birni. Shekara mai zuwa, 1980, Norwe ta tura Sverre Kjelsberg da Mattis Hætta, wanda ɗan Máze ne, gasar waƙa ta Eurovision da wata waƙa da ta taɓo wannan zanga-zanga, Mattis ya fito da kayan gargajiyarsu ya yi joik miliyoyin Turawa suna kallo a talabijin. Ba su ci gasar ba, na 16 suka zo, madatsar ma an gina ta bayan da aka tura 'yan sanda kusan 600 suka kwashe masu zanga-zanga a Janairun 1981. Amma daga wannan rigima aka samu majalisar Sami da aka buɗe a Karasjok a 1989, sannan a 1997 Sarki Harald ya nemi gafararsu a kan abin da ƙasar ta yi musu.

A 1989 ɗin dai wata mawaƙiyar Sami mai suna Mari Boine ta fitar da faifanta Gula Gula, wanda kamfanin Real World na Peter Gabriel ya yaɗa a duniya. Ita a gidan masu bin wa'azin Laestadius ta tashi, inda joik haramun ne, sai da ta girma ta koma ta nemo shi ta gauraya shi da jaz da rok. Matar nan tana da taurin kai irin wanda nake so, da aka gayyace ta ta yi wasa a bikin buɗe gasar Olamfik ta hunturu a Lillehammer a 1994 ƙi ta yi, don tana ganin so ake a yi ado da ita kawai. Wanda ya yi joik a bikin shi ne Nils-Aslak Valkeapää, mawaƙi kuma marubuci haifaffen ɓangaren Finlan. Mai busa saksafon Jan Garbarek shi ma ya yi aiki da masu joik a faya-fayansa. Tun 1990 ake gasar Sámi Grand Prix a Kautokeino lokacin Ista, kuma sun raba ta gida biyu, ɓangaren waƙa daban ɓangaren joik daban, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka su ba su ɗauke su abu ɗaya ba. Akwai kuma bikin Riddu Riđđu a Kåfjord da aka fara a 1991, na Sami mazauna bakin teku waɗanda manufar fornorsking ta fi yi wa illa.

Yau kam joik ya shiga kasuwa. A Eurovision na 2019 ƙungiyar KEiiNO ta Norwe, da Fred Buljo yana joik a tsakiyar waƙar rawa, ita ta fi kowa samun ƙuri'ar masu kallo duk da a jimla ta 6 ta zo. Ella Marie Hætta Isaksen ta ci gasar mawaƙa ta Stjernekamp a gidan talabijin na NRK a 2018, ita ce kuma aka gani a gaba-gaba a 2023 lokacin da matasan Sami suka tare ƙofofin ma'aikatun gwamnati a Oslo a kan injinan lantarki na iska da aka kafa a makiyayar Fosen, bayan kotun ƙoli ta riga ta ce a 2021 an take haƙƙin makiyayan.

To amma shi wannan na kan dandamali, mai minti 3, mai farko da ƙarshe, wanda aka daidaita shi da bugun ganga don a yi rawa, shin har yanzu joik ne? Ni dai a kunnena da yawa daga ciki salon muryar kawai aka ɗauka, ba wanda ake rerawa, ba wani mutum ko dutse a bayansa, ya zama kayan ƙawata waƙa. Ba na cewa laifi ne, don ta wannan hanyar ne yara da yawa da aka raba kakanninsu da harshen suka dawo suna nema. Sai dai rikicin yana fitowa fili in aka zo maganar kuɗi. Dokar haƙƙin mallaka, da hukumar TONO mai karɓar wa mawaƙan Norwe kuɗin waƙoƙinsu, abin da suka sani shi ne wanda ya ƙirƙiri waƙa shi ne mai ita, in kuma ta tsufa ba a san mai ita ba ta zama ta kowa, duk wanda ya ga dama ya ɗauka ya sa a faifai. A al'adar Sami kuwa wannan tsohon sautin da ka tsinta a ma'ajiyar rediyo sunan kakan wani ne, kuma jikokinsa suna nan da ransu a Kautokeino ko Karasjok, za su iya kunna rediyo su ji shi an sa masa ganga ba wanda ya tambaye su.