Mene ne "birek fed"? Birkin da ya gaji alhali bai lalace ba

Kalmar nan ta shigo bakin samarin Kano masu son mota ne ta hanyar bidiyon tsere da suke kallo a waya. Sai ka ji an ce "motar ta yi birek fed", mai sauraro ya ɗauka wani ƙarfe ne ya karye. Ba abin da ya karye. Da Hausa gajiyar birki ke nan: birki lafiyarsa ƙalau, amma zafi ya yi masa yawa har ya daina kamawa, in ya huce kuma ya dawo daidai. Tsofaffin direbobin manyan motoci sun san abin tun ba a raɗa masa suna ba. Duk wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo da lodi, ƙafa a kan birki, ya san ƙaurin nan da ke tasowa daga ƙarƙashin mota, ya kuma san faɗuwar gaban da ke biyo baya.

Aikin birki ɗaya ne, mayar da gudu ya zama zafi. Fad, wato takalmin birki, ya matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, gogayya ta cinye gudun. Inda lissafin yake ba da tsoro shi ne, in ka ninka gudu sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ta tsaya cak daga gudun kilomita 200 a awa, zafin da ta zuba wa birkinta ya isa ya kai ruwa kimanin lita bakwai ga tafasa, cikin 'yan daƙiƙoƙi. A titin Zoo Road kana taka birki kana hutawa a danja, faifai na shan iska. A filin tsere kowace kwana sai an taka da ƙarfi, kafin faifai ya huce wata kwanar ta iso. Birkin motocin gasar tseren Formula 1 yana kai wa digiri 1,000.

Gajiyar iri biyu ce, ƙafarka ce za ta faɗa maka wacce ta same ka. In abin takawa yana nan da taurinsa amma mota ba ta tsayawa, fad ne ya wuce zafin da aka yi shi ya jure. Ƙaron da ya haɗe shi yana ƙonewa, sai ya riƙa sulɓi a kan faifai. In kuwa ka taka ka ji laushi kamar soso, ƙafa tana nutsewa har ƙasa, man birki ne ya tafasa. Ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa yake isar da ƙarfin ƙafarka zuwa taya, amma tururi yana matsuwa. Wannan ta biyun ta fi muni, don takan zo babu sallama.

A nan nake so a tsaya a duba da kyau, don abin da aka fi rainawa shi ya fi muhimmanci. Man birki yana da daraja a rubuce jikin robarsa. Sabon DOT 3 ba zai tafasa ƙasa da digiri 205 ba, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma 260. Na 'yan tsere irin su Motul RBF 600 yana haura 300. Sai dai man nan yana zuƙar danshi daga iska. Da ya sha ruwa, DOT 4 ɗin nan na iya saukowa wajen 155. Damina biyu ko uku ba a canza shi ba, ka ga an gama da shi. Kuma a kiyaye, DOT 5 zalla wani iri ne daban, ba a gauraya shi da sauran.

Na ga haka da idona a wani gareji kusa da Ƙofar Ruwa. Wani matashi ya zo da motarsa mai ƙofa biyu, yana ta tambayar kuɗin jan kalifa, wato maƙatar da ke matse fad a jikin faifai, irin na kamfanin Brembo. Dattijon bakaniken bai ce masa komai ba, ya buɗe bonet, ya cire murfin tulun man birki, ya tsoma tsinke ya ɗago. Man ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana. Ya ce, "Ɗana, wannan za ka fara zubarwa." Gaskiya ya faɗa masa, duk da cewa ciniki mai tsoka ya bari ya wuce.

Ni ma haka zan jera wa mai shirin kai motarsa filin tsere: sabon man birki mai jure zafi, a cire iskar da ta shiga layin man tsaf, sannan fad na tsere, sannan tiyo mai saƙar ƙarfe wanda ba ya kumbura, da hanyar da iska za ta riƙa kaiwa ga faifai. Babban faifai da babban kalifa suna da amfani, sun fi ɗaukar zafi, amma su ne na ƙarshe. Faifai mai huda-huda kuwa kyan gani ne da shi, sai dai yakan tsage daga bakin ramukan in ya sha wuta.

Fad na tsere shi ma yana da halinsa. Sai ya ɗauki zafi yake kamawa sosai, da sanyin safiya yana ƙara yana kasala. Wanda ya bar shi a mota ya shiga cunkoson Kantin Kwari, inda ɗan adaidaita sahu zai iya yanko masa gaba, ya jefa kansa da mutane cikin haɗari. A cire shi in an dawo gari, gudun ma a bar shi can inda aka tanada masa.

In ka gama zagayenka, ƙara guda a hankali ba tare da taka birki sosai ba, iska ta ratsa faifai. Da ka faka kada ka ja birkin hannu, kada kuma ka watsa wa faifai ruwa. Sa mota a giya a wuri mai shimfiɗe, ka bar ƙarfen ya huce da kansa.